Hukuncin karatun jami'a ta intanet, da sa wani ya rubuta jarrabawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Garin Malam, Damagaram. Na ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ga goyo, ban samu shiga jami'a ba. Maigidana ya yarje mini in yi lisansi, wato digiri na farko, ta intanet, amma surukata ta ce karatun da ba a durƙusa gaban malami ba babu albarka cikinsa. Kuma in rezo, wato layin intanet, ya yanke ranar jarrabawa, ƙanena zai iya rubuta mini daga Yamai?

Amsa: Wa alaikumus salam, baiwar Allah. Karatunki ya halatta.

Maganar surukarki tana da tushe, kada ki raina ta. Alƙur'ani da tajwidinsa daga bakin malami ake karɓarsu, haka muka taso a zaure. Amma malaman hadisi sun karɓi riwaya ta "mukataba", wato malami ya rubuto wa ɗalibinsa daga nesa, kuma Annabi (SAW) da wasiƙa ya kira Hirƙal sarkin Rum zuwa Musulunci. Ƙa'ida ita ce hanya tana ɗaukar hukuncin abin da aka nufa da ita. Kafin a kafa jami'ar Damagaram a 2010, yawancin ƴaƴanmu sai sun yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, mata nawa suka haƙura saboda haka? Yau ke ga darasi cikin salula, ɗanki na barci a gefenki. Ni ina ganin wannan rahama ce. Sai dai ki tabbatar hukuma ta amince da takardar makarantar kafin ki biya ko dala, don an hana mu tozarta dukiya.

Tambaya ta biyu kuwa, haramun ne, gare ki da ƙanenki. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya tura hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Takardar lisansi shaida ce cewa ke kika sani. Gobe da ita za a damƙa miki aji ko littafin kuɗin jama'a, alhali wani ne ya amsa. Rashin mai tsaro a kanki bai sauke amanar ba, ƙara mata nauyi ya yi.

In rezo ya yanke, ki ɗauki hoton fuskar wayar, ki sanar da makarantar nan take, ki nemi a sake ba ki rana. Wallahu a'alam.