Amsa ga mai son toshe BitTorrent a layin jami'a

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta cewa magariba na yi intanet ɗin jami'arku ke tsayawa cak, har kana tunanin toshe BitTorrent, hanyar da kwamfutoci ke musayar fayiloli kai tsaye a junansu, gaba ɗaya, wallahi sai na ji kamar ni na rubuta. Na sha wannan takaicin.

Nima da toshewar na fara. Na rufe ƙofofi 6881 zuwa 6889, wato lambobin hanyar da BitTorrent ya saba bi a intanet, na kwana ina murna. Ba a yi kwana uku ba masu saukewar suka dawo, don manhajojin yanzu duk ƙofar da suka samu ita suke bi, kuma suna ɓoye abin da suka ɗauko. Mai wayo ya kunna VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum ya nufa, ya bi ta ƙofar 443 da yawancin shafukan intanet ke bi, wadda in ka rufe ta ka rufe kowa. Toshewa ba ta kawo ƙarshen abin: jami'o'in Amurka da dama sun toshe Napster, manhajar musayar waƙoƙi, a 2000, shekara na zagayowa Bram Cohen ya fito da BitTorrent.

Ranar da ba zan manta ba, wata ɗaliba ce ke kare kundin digirinta na uku, mai jarrabawar daga waje zai shigo ta bidiyo. Murya ta riƙa yankewa, hoto ya daskare, baiwar Allah na tsaye tana share hawaye. Ogana ya kira ni gaban manyan malamai ya wanke ni tas, wai na bar yaran hostal suna sauke fina-finai. Ko tambayata bai yi ba! Na koma na duba, ashe kwamfutar wani babban malami ce da aka bari a kunne a ofis, ta yi makonni tana raba wa duniya fayiloli. Shi ne kuma ya fi kowa ɗaga murya a wurin. Na kai wa oga shaida, ya ce in bar maganar, babba ne. Har yau ba wanda ya ba ni haƙuri. In na ga malamin a baranda sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

To, a nan na gane ba saukewa ce kaɗai ke kashe layi ba, ɗorawa ta fi ɓarna. In hanyar fita ta cika, 'yan saƙonnin da kwamfuta ke mayarwa na "na karɓa" sai su maƙale, saukewar kowa ta mutu. Ga shi mutum ɗaya na buɗe ɗaruruwan haɗi lokaci guda, ya cika teburin NAT, inda rauta, na'urar da ke raba intanet, ke riƙe lissafin haɗin kowa.

Don Allah ka daina farautar manhaja, ka raba layin kan mutane. Kowa ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa, har farfesa. In rautar MikroTik gare ka, tsarin rabo na PCQ zai raba daidai, in Linux ne ka gwada irinsa mai suna CAKE. Ka ƙayyade yawan haɗin da mutum ɗaya zai buɗe. Wanda ya cinye kasonsa na yini kar ka yanke shi, rage masa gudu kawai, in dare ya raba ka sakar musu. Ba duk mai BitTorrent ne ɓarawon fim ba, 'yan sashen kwamfuta ta nan suke ɗauko Ubuntu, wani nau'in Linux na kyauta, gara ka ajiye musu kwafi a sabarku. Af, kar ka taɓa ƙofar 7680 a cikin gida, ta nan kwamfutocin Windows ke miƙa wa juna sabuntawa, sauƙi take kawo maka.

Kuma kafin ka danna komai, hukuma ta sa hannu a ƙa'ida a rubuce. Da ina da takardar nan a hannu ranar, da malamin nan bai isa ya buɗe baki ba. Wace rauta kake amfani da ita ne? Faɗa mini in turo maka yadda na saita tawa.