Tambaya da Amsa: Shin Yahudanci gado ne ko zaɓi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa mutum zai iya zama Bayahude ko da bai yarda da akwai Allah ba, alhali wani da ke bin ibadarsu sau da ƙafa sai a ce shi ba Bayahude ba ne. To addini ne ko ƙabila? Ko dai dacen haihuwa ne kawai? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ya ɗaure wa su kansu Yahudawan kai har sai da ya kai su kotu.

A shari'ar malaman Yahudu ta gargajiya, Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa, ko wanda ya shiga addinin a gaban kotun malamai uku, da kaciya in namiji ne, da wankan shiga. Ka lura, uwa ake dubawa. Mu da muka saba nasaba ta bi uba wannan sai ya zo mana a baibai. Wanda aka haifa a ciki kuwa, a wurinsu ba ya fita: ko ya daina ibada, ko ya koma wani addini, mai saɓo ne amma nasu ne. Sai dai ba duka suka tafi a kan haka ba. Ɗariƙar Karaite uba take bi, kuma a 1983 ɗariƙar Reform ta Amurka ta yarda da ɗan da ubansa kaɗai ne Bayahude, muddin an rene shi a kan addinin. Ke nan yaro guda zai iya zama Bayahude a wannan majami'a, a ta tsallaken titi kuma baƙo.

Wannan ƙa'idar takarda ce. Yadda rayuwa ke juya ta kuwa, ba ni da misalin da ya kai na Oswald Rufeisen.

An haife shi a Poland a 1922, iyayensa Yahudawa. Da yaƙi ya ɓarke a 1939 shi da ƙaninsa suka gudu gabas zuwa Vilna, wato Vilnius ta ƙasar Lithuania a yau. Ƙanin ya samu hanyar tafiya Falasɗinu, shi kuwa ya maƙale. Abin da ya cece shi Jamusancin da ya iya kamar ɗan gida. Ya ɓoye asalinsa, ya zama tafinta ga 'yan sandan Jamus a garin Mir, cikin Belarus ta yau. Yana zaune a ofishinsu yana jin duk abin da ake ƙullawa, sai ya riƙa tsegunta wa Yahudawan da aka killace, yana sato musu bindigogi. A watan Agustan 1942 ya sanar da su ranar da za a hallaka su, wasu suka tsere daji. Asirinsa ya tonu, aka kama shi, ya kuɓuce, ya faɗa gidan wasu sistoci 'yan Katolika da ke kusa da ofishin 'yan sandan. A can ya karanta Linjila, ya nemi a yi masa baftisma. Bayan yaƙi ya zama fada, wato limamin cocin Katolika, aka san shi da Daniel.

A 1959 ya isa Haifa, ya nemi zama ɗan ƙasa a ƙarƙashin Dokar Komawa ta 1950, wadda ta ba kowane Bayahude wannan dama. Hujjarsa ita ce addininsa Kirista ne amma al'ummarsa Yahudawa ce. A 1962 Kotun Ƙolin Isra'ila ta ƙi, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya. Abin da ke ba ni mamaki a hukuncin shi ne, kotun ta amince cewa a shari'ar malamai Bayahude ne, amma ta ce dokar ƙasa tana nufin abin da mutumin kan titi ya fahimta, shi kuwa mutumin kan titi ba ya kiran fada mai gicciye Bayahude. Wato kotun zamani ta fi malaman gargajiya tsanani. Daga baya ya samu takardar ɗan ƙasa ta hanyar da kowane baƙo ke bi, ya rasu a Haifa a 1998. A 1970 aka gyara dokar: Bayahude shi ne ɗan Bayahudiya ko wanda ya shiga addinin, kuma bai zama mabiyin wani addini ba. Gyaran ya kuma buɗe ƙofa ga 'ya'ya da jikoki ko da su ba Yahudawa ba ne a shari'a, abin da ya sa dubban ɗaruruwan da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka zama 'yan ƙasa, amma hukumar malamai ba ta ɗaura musu aure.

Rufeisen da ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya tsufa Bayahude kamar kowa, ɗaya ya mutu cikin rigar fada. Amma ban yarda a ce dace ne kawai ba. Dace ne ya kai Rufeisen ofishin 'yan sanda. Ba dace ne ya sa shi satar bindigogi ba.

Akwai kuma akasin labarinsa. Bayan korar Yahudawa daga Sifaniya a 1492, Sarki Manuel na Fotugal ya tilasta wa na ƙasarsa baftisma a 1497. A garin Belmonte wasu iyalai suka ci gaba da zuwa coci ranar Lahadi, ranar Juma'a da daddare kuma, shigowar Asabar, su kunna fitila a ɓoye inda maƙwabci ba zai hango ba. Suka bar kaciya don tana tona asiri, Ibrananci ya ɓace musu, addu'o'i suka koma harshen Fotugal a bakin tsofaffin mata, aure kuma sai a junansu. Shekara ɗari huɗu a haka. A 1917 wani injiniyan ma'adinai Bayahude ɗan Poland, Samuel Schwarz, ya gano su, su ne ma suka fara shakkar ko shi Bayahuden gaske ne. Duk da wannan riƙo, da suka fito fili wajen 1990, da yawansu sai da suka bi hanyar shiga addinin a hukumance kafin a karɓe su.

Yahudawan Habasha ma nisa ya raba su da littattafan malamai na baya, har sai da babban malami Ovadia Yosef ya ba da fatawa a 1973 cewa Yahudawa ne, sannan aka kwashe dubbai zuwa Isra'ila ta Sudan a 1984.

Game da wanda bai yarda da Allah ba, in uwarsa Bayahudiya ce malaman gargajiya suna lissafa shi a cikinsu. Wanda kuma yake kiyaye Asabar da ƙa'idojin abinci amma bai bi ta kotun malamai ba, a wurinsu baƙo ne har ranar da ya bi.