Amsoshin tambayoyinku: tarewa da iyali a Ingila, me za a taho da shi, me za a bari a saya a nan

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saƙonnin da suka taru min wannan karon kusan duk akan abu ɗaya ne, tarewa da iyali a Ingila, dama duk shekara in Satumba ta gabato haka ake yi, masu karatu da masu aikin asibiti kowa na haramar ɗauko iyalinsa. Ni a Birmingham nake zaune da maigidana da yara, don haka dokokin da zan ambata na Ingila ne, Sikotland da Wales suna da nasu tsarin a wasu abubuwan.

Ta farko daga wata ƙanwata a Kano take. Tace: "Anti sannu da ƙoƙari. Maigidana yana digirin digirgir a Birmingham, biza ta fito zan bi shi da yara uku. Mama ta dage sai an yi min kagon kayan ɗakina, gado da kujeru da kuloli, har kilishi da man shanu ta sa an yo, wai bazan je wa miji hannu Rabbana ba. Me zan ɗauka me zan bari?"

Toh ƙanwata barka da arziki, ki ƙara gode wa Allah, don tun Janairun 2024 yawancin masu digiri na biyu an hana su tahowa da iyali, sai masu digirin digirgir da masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗau nauyinsu. Mama kuma Allah ya saka mata da alheri, ƙauna ce ta sa, amma ki lallaɓa ta a bar gado da kujerun nan a gida. Gidajen nan ba irin namu bane, matattakalar bene siririya ce mai kwana, ɗakin kwana kuwa wani in kika sa gado da durowa sai a kaikaice zaki wuce, wannan ƙaton gadon namu mai allon kai har rabin bango wallahi ko ƙofar falo bazai wuce ba balle ya hau sama. Kuɗin kagon kaɗai ya ishe ki jere gidan gaba ɗaya a nan.

Kilishi da dambun nama da man shanu kuwa kar ki soma. An haramta shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu, in aka gani a filin jirgi kwacewa za a yi, kuma ana iya cin ki tara, ga ki da yara uku ga gajiyar hanya. Ki raba wa 'yan'uwa su ci su sa miki albarka. Busasshen kifi an yarda har kilo 20 ga mutum ɗaya. Abin da zaki cika jaka da shi garin kuka ne, da niƙaƙƙiyar kuɓewa, daddawa, yaji, kanwa, ki ƙulle kowanne a leda biyu ko uku musamman daddawa don kar kayan sawarku su ɗau wari. Ki sako muciya da maburgi da tandar masa, su ne ba a samu cikin sauƙi. Gero da dawa kar ki wahalar da kanki, shagunan Indiyawa da 'yan Fakistan suna da su, gero suna ce masa bajra dawa kuma juwar, tsamiya ma tana nan, buta ma tana nan. In kika bi titin Coventry Road a unguwar Small Heath zaki ga mahautan halal a jere.

Ki ɗinko atamfofinki da kayan sallar yara tun daga gida, tela a nan tsada gare shi kuma ba kowa ya iya ɗinkinmu ba. Rigar sanyi ɗaya-ɗaya ta sauka daga jirgi ta isa, sauran ki saya a nan, wadda ake sayarwa a gida ta hunturunmu ce, sanyin nan kuwa da ruwa yake zuwa. Blanda da dutsen guga in masu kyau ne ki taho da su, soket ɗinmu mai baki uku iri ɗaya ne da nasu, wutar ma ƙarfinta ɗaya, ba kamar Amurka ba. Sannan takardu a jakar hannu: takardar haihuwar kowane yaro, katin rigakafi, sakamakon makarantarsu, takardar aure. Kuna sauka a satin farko kuje kuyi rajista da likitan unguwa wanda ake ce wa GP, kyauta ne, ki miƙa musu katin rigakafin su duba abin da ya rage. Ki kuma sayi bitamin D, hukumar lafiya ta NHS da kanta tana ba masu baƙar fata da masu rufe jiki shawarar su riƙa sha duk shekara saboda ƙarancin rana.

Ta biyu wani ɗan'uwa ne likita da ya samu aiki a wani asibiti a Manchesta. Yace ya ga gidaje biyu, ɗaya babba mai ɗaki uku amma tsoho ne, a bayan gari, hitar lantarki ce a ciki, ɗayan ɗaki biyu ne matsattse kusa da firamare da masallaci kuma ya fi na farkon tsada da fam 150 a wata. Yana son babban don madam ta saba da fili a gida, yace wanne zai kama.

Likita ka kama ƙaramin. Na san ba ita ce amsar da kake so ba amma bari in gaya maka dalili.

Na farko wannan rarar fam 150 da kake hangowa, sanyi zai cinye ta. Tsohon gida babba mai hitar lantarki daga Nuwamba zuwa Maris kuɗin wuta kamar ana zuba ruwa a kwando ne, lantarki ya ninka gas tsada sosai a nan, shi yasa kowa ke neman gida mai boilar gas. Kowane gidan haya yana da takardar da ake ce wa EPC, tana nuna yadda gidan ke riƙe ɗumi daga A zuwa G, doka bata yarda a bada hayar wanda yake ƙasa da E ba, kuma zaka iya duba ta kowane gida kyauta a shafin gwamnati da adireshin kawai. C yana da kyau, D da dama-dama, E kuwa ka shirya. Ka tambayi ejen harajin kansul, wato harajin ƙaramar hukuma, na gidan a wane rukuni yake, daga A zuwa H ne, kai mai aiki dole ka biya duk wata, ɗalibi mai cikakken karatu ne aka yafe wa.

Na biyu danshi. Gidanmu na farko haka muka kama shi saboda arha, an shafe shi da sabon fenti fari tas, wata biyu da shigarmu na janyo durowa zan ɗauko wani lefe da ban taɓa buɗewa ba, bangon bayanta ya yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har daidai ƙuguna, takalman fata sun yi kore, atamfofin da ke ƙasa duk sun yi fumfuna, ƙaramar 'yata kuwa tari take kwana yi muna ta ɗora wa canjin yanayi. Mai gidan muka yi ta kira yana cewa mu buɗe taga. Fumfunar nan ba abin wasa bace, a 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a Rochdale kusa da ku, bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi. Don haka in kaje duba gida ka shinshina, ka leƙa bayan labule da kusurwar silin da ƙarƙashin taga, ka taɓa bango da tafin hannunka, in kaji sanyi da laima ka fita kawai.

Na uku kuma shi ya fi damuna, madam. Kai zaka fita aiki tun duhu, wani lokacin ka kwana a asibiti, ita za a bari. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Matar da ta saba da maƙwabta da 'yan aike da masu sallama daga safe zuwa dare, ka kai ta bayan gari ba mota ba wanda ta sani, filin da kake so ta samu wallahi bazai mata amfanin komai ba, kuka zata riƙa yi a ɓoye tana ce maka ba komai. Amma in makarantar yara tafiyar ƙafa ce, a bakin get zata haɗu da 'yan Somaliya da 'yan Sudan da Yarbawa da namu, masallaci na kusa akwai islamiyyar yara da yamma, cikin wata uku ta yi mutane. Unguwanni irin su Cheetham Hill da Longsight da Rusholme haka suke. Kuma makarantar gwamnati kyauta ce, ta kansul ake nema, yawanci kusancin gida da makaranta yana cikin abin da ake dubawa wajen bada gurbi, kaga adireshin da ka zaɓa shi zai zaɓa wa yaranka makaranta.

Kafin ka sa hannu: kuɗin ajiya doka ta ƙayyade shi, kar ya wuce hayar sati biyar, na riƙe gida kafin a gama takardu kuma hayar sati ɗaya, sannan dole mai gida ya sa ajiyarka a asusun da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30 ya baka shaida. Ka karɓi takardar duba gas ta shekarar. Kar ka tura wa kowa ko sisi akan gidan da baka shiga da ƙafarka ba, 'yan damfara sun cika Facebook da hotunan gidajen da ba nasu ba. Ranar da aka baka makulli ka ɗauki hoton komai, tabon kafet, tsagewar bango, lambar mita, ranar tashi su zasu cece ka.

Wata kuma daga Zariya tace sun kama gida ba komai a ciki, maigida yace a sayi na hannu ita kuma tana jin nauyin baƙi su zo su ga tsofaffin kujeru. Yar'uwa maigidanki ya fi ki gaskiya a nan. Ba wanda zai zo ganin jere a ƙasar nan, baƙin naki ma da na hannu suka fara. Shagunan British Heart Foundation na kayan ɗaki suna da kujeru da teburi masu tsafta kuma suna kawowa har gida, a intanet kuma ga Facebook Marketplace da Gumtree, a Freecycle ma kyauta ake bayarwa kije ki ɗauka. Abu biyu ne bana yarda da na hannu, katifa saboda kuɗin cizo, in ya shiga gida fitar da shi sai an kashe kuɗi mai yawa, da kujerar yara ta mota don baki san ko ta taɓa hatsari ba. Su ki saya sabbi a IKEA ko Argos. Bargon nan mai auduga ki duba lambar da aka rubuta, 13.5 shi ne na hunturu. In kuɗi ya ragu na'urar tsotse danshi ta fi miki babbar talabijin amfani, tunda shanya a cikin gida zaki riƙa yi wata da watanni. Ki kuma ja wa yara kunne akan banɗaki, babu magudanar ruwa a ƙasa irin namu, in aka yi alwala ko wanka aka malale ƙasa ruwan silin ɗin na ƙasa yake bi, ki shimfiɗa tawul ki koya musu zuba ruwa a cikin baho.

Mai tambayar ko ya sayi mota, ɗan'uwa ka dakata tukuna. Lasin Najeriya wata 12 kawai zaka tuƙa da shi daga ranar da ka zama mazauni, bayan nan sai ka ci jarrabawarsu ta rubutu da ta tuƙi, ga shi ta hagu suke bi, inshorar sabon zuwa kuwa wani lokacin ta fi kuɗin motar. Ka fara da bas, ka sa kuɗin a koyon tuƙi. In ka tashi saya a Birmingham ka duba lambar motar a intanet tukuna, tsofaffi masu hayaƙi fam 8 suke biya duk ranar da suka shiga tsakiyar gari, kuma yaro sai a kujerarsa har ya kai shekara 12 ko tsawon santimita 135.

Ta ƙarshe amarya ce, tace duk sanda ta sa turaren wuta ƙararrawar hayaƙi sai ta ɗau kuka har maƙwabta su fito, wata ta bata shawarar ta cire batirin. Dan Allah ƙanwata kar ki cire, gidajen nan cike suke da katako da kafet, ga su a manne da juna, wannan ƙarar ita ke tada mutane in gobara ta tashi da dare. Kuma ki ajiye kaskon gawayi gaba ɗaya, gida a rufe ruf saboda sanyi ga garwashi, iskar da yake fitarwa bata da wari bata da kala, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri ya kwanta, ana rasa rai ta haka. Ki sayi bona ta lantarki a shagunan 'yan Somaliya ko Larabawa, ki sa turare ɗan kaɗan a ɗakin da ba ƙararrawa, ki rufe ƙofar ki ɗan buɗe taga, kayan sawa kuma ki turara su a cikin durowa kina tsaye a wurin. Humra da turaren tsinke na kwalba su zasu riƙe miki ƙamshin falo sauran yinin.