Amsa: Me ya sa matan Dominika da yawa ba sa kiran kansu baƙaƙe?

'Yar'uwa, kin tambayi dalilin da mace 'yar Jamhuriyar Dominika, fatarta kamar tamu, za ta ce ita ba baƙa ba ce. Tushen abin na cikin tarihi. Tsibiri ɗaya suke zaune da Haiti a yankin Karebiyan, wadda ta mulke su daga 1822 har suka sami 'yanci a 1844. Tun daga nan masu mulki suka gina sunan ƙasar a kan cewa su jinin Sifen ne, baƙar fata kuwa ta mutanen Haiti ce. Trujillo, da ya riƙe ƙasar daga 1930 zuwa 1961, ya ƙara wa wutar fetur: a 1937 ya sa aka kashe dubban 'yan Haiti a bakin iyaka, a katin shaida kuma aka riƙa rubuta wa masu duhun fata "indio", wato jinin 'yan asalin tsibirin.

Nauyin nan kan mata ya fi faɗawa, musamman ta wajen gashi. Yarinya tun tana ƙarama ake kai ta shagon gyaran gashi a miƙar mata da shi, domin ana ganin murɗaɗɗen gashi bai dace da makaranta ko ofis ba. A ganina wannan zalunci ne da aka lulluɓe da kwalliya.

Waɗanda suka yi hijira zuwa Amurka, musamman unguwar Washington Heights ta birnin New York, sun tarar can baƙaƙe ake ɗaukarsu kai tsaye. 'Ya'yansu, da taimakon Instagram da YouTube, suna cikin masu yaɗa barin gashi yadda Allah ya halicce shi, har a Santo Domingo, babban birnin Jamhuriyar Dominika.