Tambaya da Amsa: Rumbun Masallaci, Awon Yara da Ruwan Alwala

TAMBAYA: Ni ne ma'ajin kwamitin masallacinmu. Mun tara hatsin zakka da na sadaka buhu 40 don mu raba idan abinci ya yi wuya. Ko wata huɗu ba a yi ba ƙwari suka cinye kusan rabi, wasu buhunan kuma suka yi fumfuna. A ina muka kuskure?

AMSA: Malam ma'aji, Allah ya saka da alheri. Ɓarnar ta fara tun ranar da kuka karɓi hatsin ba tare da kun duba bushewarsa ba. Hatsin ajiya bai kamata danshinsa ya wuce kashi 13 cikin 100 ba. Idan babu na'urar awo, ku samu busasshiyar kwalba, ku zuba hatsin zuwa kashi ɗaya cikin uku, ku ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, ku rufe ku girgiza na minti ɗaya, ku ajiye kamar minti 15. Gishiri ya manne a jikin kwalba? To a mayar da hatsin shanya. Buhu ɗaya mai laima yana iya lalata na kusa da shi.

Maganin ƙwari shi ne hana su iska. Buhun PICS, wanda masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, yana da leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. A matse iskar ledar farko a ɗaure, a ɗaure ta biyu daban, sannan na waje. Ƙwarin da ke ciki za su shaƙe abin da ya rage na iska su mutu, ba tare da an sa guba ba. Inda ake yawan faɗuwa shi ne buɗe buhu kowane mako "don a duba", ko kuma ɓera ya huda ledar. A jera buhunan a kan katako, a bar tazarar rabin mita daga bango, a rubuta ranar shigowa a jikin kowanne, wanda ya fara shiga shi zai fara fita.

Wanda ya yi fumfuna kuwa, kada a bai wa kowa, ko dabba. Yana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Talauci ba ya sa hantar mutum ta fi ta wani ƙarfi.

Wani gyaran kuma: ku raba rumbun biyu. Zakka tana da masu ita guda takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa, malamai kuma ba sa son a jinkirta ta babu dalili. Sadaka da waƙafi su ne suka fi dacewa da ajiyar watanni.

TAMBAYA: Ina shugabantar zumuntar mata a cocinmu. Muna ciyar da yara bayan sujada, amma wasu ba sa murmurewa. Yaya za mu gane wanda abincinmu ba zai ishe shi ba?

AMSA: 'Yar'uwa, ido yana ruɗi, ku nemi tef ɗin awon damtse mai launi uku daga ma'aikatan lafiya. Ana amfani da shi ga yara 'yan wata 6 zuwa 59. A auna tsakiyar damtsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun yana sake. Kada a ja tef ɗin har ya shiga nama, kada kuma ya yi sako-sako. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya ne, yaron yana bakin haɗari. Daga nan sama kore.

Sai ku danna saman ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da tef ya nuna kore. Irin wannan yaro mutane kan ce ya yi ƙiba, alhali ruwa ne.

Mai ja ko mai kumburi, asibiti ranar nan. Kada tausayi ya sa a ɗura masa abinci mai nauyi, jikinsa ba zai iya ɗauka farat ɗaya ba. In an ba shi abincin nan na magani da ke cikin leda, nasa ne shi kaɗai, ba a raba wa 'yan'uwansa, ba a kuma dama shi da ruwa. Ku buɗe littafi: suna, shekaru, awon kowane mako. Yaron da ya yi mako uku awonsa bai motsa ba, a kai shi a duba.

TAMBAYA: Ruwan alwalarmu yana kwanciya a bakin masallaci yana tara sauro. Ya halatta a shayar da itatuwa da shi?

AMSA: Ya halatta, muddin bai haɗu da na ban-ɗaki ba. Yi lissafi: mutum 200, kowa lita biyu, sau biyar a rana, lita 2,000 ke nan. Manzon Allah (SAW) kuwa da mudu ɗaya yake alwala, abin da bai kai lita ba, don haka a fara da gyara famfunan da ke ɗiga. Sauran ruwan a bi da shi ta bututu zuwa ƙaramin rami mai murfi inda yashi zai kwanta, daga nan ya ratsa tsakuwa, ya gangara gindin itatuwa ta ƙarƙashin ƙasa. Kada ya wuce kwana ɗaya a ajiye, zai yi wari. Ba a zuba shi a ganyen da ake ci ɗanye. A ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, kwashe laka daga ramin duk wata, don in aka bar wa "jama'a" bututun toshewa zai yi.