Amsa: Kankana da ragowar abincin gida wa karen gadi

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaya ko za ka iya ba karen gadinka kankana da ragowar abincin gida. Toh kankana ba matsala, ka dai cire 'ya'yan da ɓawon, haka ma ayaba da gwanda kaɗan kaɗan. Mangwaro ma yana sha amma kar ka jefa mai da ƙwallon, sai ya haɗiye ya toshe mai hanji, daga nan kuma sai tiyata.

Inabi da zabibi kam ko ɗanɗano kar ya yi, suna kashe ƙodar kare. Cakulat ma guba ne gare shi, goro ma haka, dan Allah ka ja kunnen yara su daina jefa mai da sunan wasa.

Inda mutanenmu suka fi yin kuskure shi ne ragowar abincin nan. Tuwo ko shinkafa zalla lafiya lau, miyar ce matsalar, kusan duk miyarmu akwai albasa wata har da tafarnuwa, su kuma lalata jinin kare suke yi ko da an dafa su, kuma ba ranar za ka gani ba, sai bayan kwana biyu ka ga ya yi laushi dasashinsa ya yi fari fat. Ragowar tsire ma ga yaji ga gishiri ga albasa. Ƙashin kaza dafaffe kuwa tsagewa yake ya soke shi a ciki.

In ya riga ya ci wani cikin waɗannan, ka kira likitan dabbobi yau ɗin nan, akwai su nan cikin garin Kaduna, kar ka tsaya ɗura mai manja.