Ƙwayoyin daskarar da jini da yaɗuwar cutar daji

'Yar'uwa, kin tambaya ko gaskiya ne ƙwayoyin nan da ke tsayar da jini idan mutum ya yanke suna taimaka wa cutar daji ta bazu, kuma ko ki fara ba Mama asfirin. Allah ya ba ta lafiya.

Gaskiya ne. Ƙwayar daji da ta ɓalle ta faɗa jijiya, yawanci ba ta kai labari; ƙarfin gudun jini da sojojin garkuwar jiki su kan hallaka ta. To sai waɗannan ƙwayoyi su lulluɓe ta, sojojin su wuce ba su gane ta ba. Suna kuma taimaka mata ta manne a bangon jijiya, ta ratsa zuwa huhu ko hanta, su saki sinadaran da ke tsiro mata da sabbin jijiyoyi. Tun 1968 aka ga cewa rage su a jikin ɓeraye yana rage yaɗuwar.

Asfirin yana rage aikin ƙwayoyin daskarar da jini, amma don Allah kada ki ba Mama shi da kanki. Maganin daji kan rage ƙwayoyin daskarar da jinin sosai, jini na iya ɓalle mata ta hanci ko dasashi. Ki tambayi likitanta tukuna.